Baƙi a furen wake, rawaya a wuyan albasa: yadda ake bambance ƙwarin fure

Wani matashin malamin gona da ke aiki da manoma a kewayen dam ɗin Sabke, ƙasar Daura, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Da damina muna ganin wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe a cikin furen wake, fure ya yi ta kakkaɓewa. Da rani kuma muna ganin masu kama da su a wuyan albasa da furen tumatur da na tattasai, amma wasu rawaya ne, wasu ruwan ƙasa. Manoma sun ce mini duk abu ɗaya ne, baƙin shi ne babba, rawayan ɗansa. Haka ne? In ba haka ba ne, da me zan bambance su, alhali madubin hannu kaɗai gare ni?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Ba abu ɗaya ba ne. Akwai dai ƙamshin gaskiya a maganar manoman, domin 'ya'yan waɗannan ƙwari farare ne ko rawaya ko ruwan lemo, kuma ba su da fiffike. In ka buɗe furen wake ka tarar da baƙaƙe masu fiffike tare da wasu masu ruwan lemo marasa fiffike suna rarrafe, to galibi uwa da 'ya'yanta ka gani. Amma rawayan da ke wuyan albasa da fukafukansa kwance a gadon baya, wannan ya gama girma, kuma ba zai taɓa zama baƙin wake ba. Bisa abin da ka bayyana, aƙalla iri uku kake fama da su, kowanne da irin tasa ɓarnar.

Malaman ƙwari suna kiran rukunin nan Thysanoptera, ma'aikatan gona kuma su ce tirips. Nau'o'in da aka sa wa suna a duniya sun haura 6,000, amma waɗanda ke damun manomi ba su da yawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne fukafukai huɗu sirara masu gezar dogayen gashi a gefe, da baki wanda muƙamuƙin hagu kaɗai ke aiki a cikinsa: da shi suke huda fatar fure ko ganye, sannan su tsotse ruwan. Tsawon mafi yawansu bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. A masu ɓarnar nan, mace tana tsaga fure ko ganye ta cusa ƙwai a ciki, ɗa ya ƙyanƙyashe ya yi matakai biyu yana ci, sannan ya sauka ƙasa ya yi matakai biyu yana kwance ba ya cin komai, daga nan ya fito da fiffike. A zafi irin namu, mako biyu zuwa uku sun isa a kammala wannan zagaye.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, launi ne mafi raunin shaida a wannan aiki. Tirips ɗin albasa da ya yi kwancinsa cikin sanyi yakan fito da duhu fiye da wanda ya yi shi cikin zafi, an gwada wannan an tabbatar. Ke nan wanda ka kama a lambu a watan Janairu cikin hunturu da wanda ka kama a Afrilu cikin bazara suna iya bambanta a ido, alhali jinsinsu ɗaya. Wanda ya fito daga ƙasa yau-yau fatarsa ba ta gama yin duhu ba. Namiji a yawancinsu ya fi mace ƙanƙanta da haske. Akwai kuma nau'in da shi kansa kama biyu gare shi, rawaya da baƙi-baƙi, zan zo kansa. Saboda haka masu wannan fanni ba sa yanke hukunci da launi. Gaɓoɓin ƙaho suke ƙirgawa, da gashin jiki, su duba inda kowane gashi ya tsiro, domin waɗannan ba sa canjawa da sanyi ko zafi. Kuma balagaggiyar mace ake dubawa, don a kanta aka gina kusan duk ƙa'idodin tantancewa. 'Ya'yan kuwa ko ƙwararre yana shan wuya da su, kada ka ɓata lokacinka a kansu.

Kafin dubawa sai an kama, kuma kamu mai kyau shi ke sauƙaƙa sauran aikin. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, don haka ka fita da safe. Ka tsinki furanni ashirin daga sassa daban-daban na gonar, kana tsinka kana jefawa cikin kwalba mai sifirit, kada ka tara su a hannu, guduwa za su yi. Sifirit ɗin a sirka shi da ruwa ya dawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. In ya fi haka ƙarfi yana sandarar da ƙwaron, fukafukai su ƙi buɗuwa lokacin da aka zo shimfiɗa shi. Inda aka sami hali, masana sun fi son haɗin kashi goma na sifirit mai ƙarfin 60, kashi ɗaya na gilisarin, da kashi ɗaya na ruwan asid ɗin asetik, don yana barin jikin da laushi. A tumatur da tattasai, ka tara farin faranti a ƙarƙashin fure ka bubbuga, su zubo, ka ɗauke su da bakin gashin kaza da ka jiƙa da sifirit. A albasa sai ka ware ganyen tsakiya a wuya, can suke ɓuya. Tarkon ɗanko mai launin shuɗi yana kama su sosai kuma yana da amfani wajen sanin ko sun yi yawa, amma ƙwaron da ya manne a ɗanko ya lalace, ba ya tantantuwa yadda ya kamata.

Abu na farko da za ka duba, kuma madubin hannu mai ƙara girma sau ashirin zai nuna maka shi, shi ne ƙarshen ciki. In gaɓar ƙarshe ta miƙe ta zama siririn bututu mai zoben gashi a baki, ƙwaron ɗan ɓangaren Tubulifera ne. In ta tsuke a hankali ta yi tsini, kuma a ƙasanta akwai ɗan zarto da mace ke tsaga fure da shi, ɗan ɓangaren Terebrantia ne, kuma kusan duk masu ɓarna a lambu da gonar wake daga nan suke. Wannan dubawa tana da muhimmanci a wurinka, domin akwai wasu baƙaƙe masu sheƙi 'yan gidan Haplothrips da ake samu a furannin ciyayi da kan gero da dawa, su kan leƙa furen wake ma, kuma da ido ba ka raba su da mai ɓarnar wake. Su bututu gare su. Fukafukansu ba su da jijiya, sun ɗan tsuke a tsakiya, kuma in sun sauka sukan ɗora su ɗaya kan ɗaya. 'Ya'yan da yawa daga cikinsu jajaye ne. Masu zarto kuwa fukafukansu gefe da gefe suke kwanciya, kowanne ana ganinsa. Wanda ya ƙirga Haplothrips cikin masu ɓarna zai sa manomi ya sayi maganin da ba ya bukata.

Yanzu baƙin furen wake. Sunansa Megalurothrips sjostedti. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Filip Trybom, shi ya fara bayyana shi a 1908 daga ƙwarin da ɗan ƙasarsu Yngve Sjöstedt ya tattaro a yankin dutsen Kilimanjaro. In ka ci karo da Taeniothrips sjostedti a tsofaffin takardun aikin gona, shi ɗin ne, gida aka sauya masa. Cikin waɗanda kake gani ya fi kowa girma, mace takan doshi milimita biyu, baƙa ce mai sheƙi ko ruwan ƙasa mai duhu sosai. Da madubin hannu za ka lura fiffiken gaba mai duhu ne amma wajen gindinsa fari-fari, don haka in ta kwantar da fukafukai sai ka ga kamar wani haske ya gitta a kafaɗa. Baƙi babba, mai tsinin ciki, mai hasken kafaɗa, a cikin furen wake a ƙasar Hausa: in ka ce shi ne, da wuya ka yi kuskure. Wannan kaɗai ne cikin ukun da zan yarda ka ambaci sunansa da madubin hannu, shi ma don amfanin gona, ba don rubuta rahoto ba.

A ƙarƙashin madubin likita ga abin da ke tabbatar da shi. Ƙahonsa gaɓa takwas ne, biyun ƙarshe ƙanana ƙwarai, kuma a gaɓa ta uku da ta huɗu akwai wani abin sansano mai reshe biyu dogaye. A farantin da ke bayan kai, wanda zan riƙa kira doron wuya, ka ƙirga gefe ɗaya kawai: dogayen gashi biyu a kusurwar baya, ɗaya matsakaici a kusurwar gaba, babu wani dogo a tsakiyar bakin gaba. Fiffiken gaba yana da jijiya biyu, kowace da jerin gajerun gashi masu ƙarfi. A jijiya ta biyu jerin bai yanke ba. A ta farko kuwa jerin yana tafiya har kusa da ƙarshe, sai a sami ɗan giɓi, sannan gashi biyu su rufe. Wannan ɗan giɓi da gashi biyun alama ce mai ƙarfi ta gidan Megalurothrips. Sai gaɓa ta takwas ta ciki: a bakinta na baya, ta sama, wasu nau'o'in suna da jerin ƙananan haƙora da ake kira mataji. A wannan ƙwaro matajin yana gefe da gefe ne kawai, tsakiya babu komai.

Ɓarnarsa ta ci ce kai tsaye, kuma tana somawa tun kafin ka ga fure. Yana shiga ƙullin fure tun yana ɗanye ya tsotse shi, ƙullin ya yi ja-ja ya bushe ya faɗi, a bar sandar fure tsirara da tabo. Manomi ya ga wake ya yi yabanya kore shar, ya sa rai, ƙarshe harawa kaɗai zai kwasa. In ya yi yawa ba a yi komai ba, gona tana iya tashi babu ko kwanso. Da rani ba ya ɓacewa daga duniya. Binciken da ma'aikatan IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka yi a Jamhuriyar Benin ya nuna yana rayuwa a furannin itatuwa da tsirrai 'yan dangin wake, irin dangin madobiya da na talaki da na magimfa, daga nan ya koma gonaki in wake ya soma toho. Ga wani abu da ya kamata ka gaya wa manomanka: irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru ta fitar a ƙarshen 2019 an yi shi ne don ya jure wa tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso, ba ya hana tirips. Wanda ya shuka shi ya ga fure na zuba kada ya ce iri ne ya gaza, ya buɗe furen ya duba.

Masu wahalar su ne na lambu, kuma a nan madubin hannu ya kai iyakarsa. Gidaje biyu ne za ka raba: gidan Frankliniella da gidan Thrips. A ido kusan ba su da maraba, amma a madubin likita abu uku ke raba su nan take. Na farko doron wuya. Ɗan Frankliniella yana da dogayen gashi biyar a kowane gefe: ɗaya a bakin gaba wajen tsakiya, ɗaya a kusurwar gaba, biyu a kusurwar baya, ɗaya a bakin baya. Ɗan Thrips biyun kusurwar baya kawai gare shi, gaban wuyansa babu dogon gashi ko ɗaya. Na biyu fiffike. A Frankliniella jijiyoyin biyu duk jerin gashinsu cikakke ne daga gindi har ƙarshe. A waɗanda za ka haɗu da su na gidan Thrips, jijiya ta farko tana da wawakeken giɓi a tsakiya, sai 'yan gashi kaɗan a warwatse can wajen ƙarshe. Na uku ƙaho: takwas a Frankliniella, bakwai a tirips ɗin albasa. Ni doron wuya nake fara dubawa, domin gaɓoɓin ƙarshe na ƙaho ƙanana ne, sukan karye wajen kamu, kuma sabon shiga yakan ƙirga biyu a matsayin ɗaya.

Da ka san gida, sai neman nau'i, kuma a nan ne ake komawa kan ƙwaron. Tsakanin manyan idanunsa biyu akwai wasu ƙananan idanu uku, jere kamar duwatsun murhu, ɗaya a gaba, biyu a baya. A kewayensu akwai gashi, kuma mafi muhimmanci su ne biyun da suka fi tsawo, waɗanda masana ke kira na uku. Inda waɗannan biyun suka tsiro shi ke raba nau'o'in Frankliniella.

Wanda ya fi yiwuwa kake gani a furen tumatur da tattasai shi ne Frankliniella schultzei, wanda Trybom ɗin nan dai ya bayyana a 1910. Ana samunsa kuma a auduga da gyaɗa da furen wake, wato ba kowane tirips na furen wake ne sjostedti ba. Shi ne mai kama biyun da na ambata, akwai rawaya tas, akwai ruwan ƙasa mai duhu, har wasu masana suna ɗaukar rawayan a matsayin nau'i dabam mai suna sulphurea. A jikinsa, dogayen gashin biyu sun tsiro dab da juna, a tsakanin ƙananan idanu biyu na baya. Matajin gaɓa ta takwas kuwa babu shi, ko a ga 'yan haƙora kaɗan a gefe. Waɗannan alamu biyu, gashi a matse a tsakiya da rashin mataji, sun ishe ka. Mai duhun cikinsu yana iya rikitar da kai da sjostedti a furen wake, amma ya fi shi ƙanƙanta, fiffikensa mai haske ne gaba ɗaya, kuma gashin gaban wuyansa zai tona shi.

Dalilin da ya sa nake matsa maka ka san wannan nau'in shi ne, ba cinsa ne babbar matsala ba, cutar da yake ɗauka ce. Cikin dubban nau'o'in tirips, waɗanda aka tabbatar suna yaɗa ƙwayoyin bairos na dangin tospo ba su kai ashirin ba, kuma schultzei yana ciki, musamman mai duhun. Daga cikin cututtukan akwai wadda ke sa tumatur ya tsumbure, ganye ya yi tsatsa-tsatsa, 'ya'ya su fito da zobba-zobba. Yadda yake ɗaukar cutar ma abin lura ne. Sai yana ɗa, yana ci a jikin shuka mai cutar, ƙwayar ke shiga jikinsa ta zauna. In ya balaga ya tashi sai ya yi ta rabawa har ya mutu. Balagaggen da bai ɗauka yana ƙarami ba, ko ya ci shuka mai cuta ba ya yaɗawa. Abin da wannan ke nufi a lambu shi ne, tuge shukar da ta kamu da share ciyawar da 'ya'yan ke girma a kanta sun fi yawan feshi amfani, domin ƙwari kaɗan sun isa su watsa cutar, kuma magani ba ya warkar da shukar da ta riga ta kamu.

Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi suna a duniya, Frankliniella occidentalis, ɗan asalin yammacin Amurka ta Arewa, wanda cinikin furanni da dashe ya watsa shi tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya shiga ƙasar Holan a 1983, daga baya ya kai Afirka ta Kudu da Kenya. Hotunansa ne suka cika intanet, shi ya sa ɗalibai da yawa duk rawayan tirips da suka gani sai su laƙaba masa wannan suna. Kada ka bi su. A jikinsa dogayen gashin biyu sun tsiro nesa da juna, can gaba a gefen layin da ya haɗa idon gaba da na baya. Bayan kowane babban ido akwai wani gashi dogo da ya kusa kai su tsawo. Matajinsa kuma cikakke ne daga gefe zuwa gefe. Sai ka ga ukun nan tare kafin ka ambace shi, kuma in ka gan su, ka kai wa masana su tabbatar, domin ƙwaro ne da ya shahara wajen jure wa magungunan feshi.

Na wuyan albasa kuwa kusan tabbas Thrips tabaci ne, wanda wani masani mai suna Lindeman ya bayyana a 1889 daga gonakin taba. Ƙarami ne, milimita ɗaya da 'yan kai, launinsa daga rawaya zuwa ruwan ƙasa. Ƙaho gaɓa bakwai, gaban wuya babu dogon gashi, gashin ƙarshen jijiya ta farko yawanci huɗu ne, wani lokaci su ɗan ragu ko su ƙaru, matajin gaɓa ta takwas cikakke mai dogayen haƙora sirara. Yana da wata alama mai sauƙi da nake so ƙwarai. A gefen kowane ƙaramin ido akwai ɗan launi mai lanƙwasa. A yawancin tirips ja ne, a na albasa kuwa toka-toka ne. Sai dai wannan launi yana wankewa in aka jiƙa ƙwaron a ruwan soda, wato sodar nan mai ƙuna ta yin sabulu, don haka a sabon kamu ake dubawa, kafin a taɓa shi da komai. Za ka kuma lura kusan duk waɗanda ka kama mata ne. A wurare da yawa wannan nau'i yana hayayyafa ba tare da namiji ba, mace ta haifi mata zalla, shi ya sa lambun albasa kan cika da su cikin ɗan lokaci in iska ta bushe. Alamar cinsu ita ce farin zane-zane mai sheƙi a ganye da ƙananan ɗigon baƙin kashi, ganye ya bushe daga sama, albasa ta ƙi yin kai. Shi ma yana ɗaukar wata cutar bairos da ke yi wa ganyen albasa da sandar iri tabo mai ruwan kara.

Ɗan gidansu Thrips palmi, wanda wani masani mai suna Karny ya bayyana a 1925 daga tsibirin Sumatra, rawaya ne tas, launin gefen idanunsa ja, gashin ƙarshen jijiyarsa biyu ko uku. Yana son kankana da kokwamba da gauta, kuma ƙasashen Turai suna tsare kayan lambu a kan iyaka in sun gan shi. In kuma ka ga wasu mitsi-mitsi rawaya a sabon tohon barkono ko mangwaro ko lemo, ganye na nannaɗewa, ka tuna da gidan Scirtothrips, waɗanda gefen cikinsu ke lulluɓe da layukan gashi masu laushi ƙwarai. Masu zanen raga a ka da ratsi a fiffike da ake gani a ganyen gyaɗa, gidan Caliothrips ne, ganye suke ci, ba ruwansu da fure.

Kada ka manta akwai na kirki a cikin furen. Wasu tirips ɗin mafarauta ne, 'yan gidan Aeolothrips da Franklinothrips. Ƙahonsu gaɓa tara ne, fukafukansu sun fi faɗi, bakinsu a zagaye, sau da yawa da ratsin fari da baƙi, kuma suna da sauri. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro da ba tirips ba ne, Orius, wanda babbansa baƙi da fari ne, ɗansa kuma ruwan lemo. Ana yawan ɗaukar ɗan nasa a matsayin ɗan tirips, alhali shi ke cinye su. Ya fi su faɗin jiki, yana da dogon baki mai tsini da yake miƙawa gaba in zai soki abin da ya kama, kuma gudu yake yi. Feshin da aka yi ba lissafi shi yake fara kashewa. Wannan na cikin dalilan da nake ba da shawarar a fara da ruwan 'ya'yan bedi in ƙwarin ba su yi yawa ba, in kuma ta kama a yi feshin kanti, a daina maimaita magani iri ɗaya, don tirips ɗin albasa a ƙasashe da dama ya riga ya saba da magungunan dangin fairitiroid.

Batun madubi kuwa, ba sai ka mallaki naka ba. Irin wanda ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi a ɗakin gwaji, mai ƙara girma sau 100 da sau 400, ya wadatar da duk abin da na lissafa. Akwai su a sassan nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma. Rawayan ƙwaro kana iya ɗora shi cikin ɗigon gilisarin a kan gilashi, bayansa a sama, ka ware fukafukai da ƙahonni da bakin siririyar allura, ka rufe da ɗan gilashin rufi a hankali. Baƙi sai an jiƙa shi na wasu sa'o'i a ruwan soda mai ƙarfin kashi biyar cikin ɗari, ya yi haske, a wanke shi, sannan gashinsa ya fito. Wanda ake son ajiyewa shekaru ana tsane ruwan jikinsa da sifirit mataki-mataki, a dasa shi cikin ƙaron da ake kira Kanada balsam. Ka shimfiɗa biyar ko goma daga kowace kwalba, kada ka tsaya kan ɗaya, domin fure guda yana iya ɗaukar nau'i biyu ko uku a lokaci ɗaya.

In ka tabbatar da gida amma mataji ko gashin ka bai fito maka sarai ba, ka rubuta sunan gidan kawai a rahotonka, ka ce nau'in bai tabbata ba, sannan ka aika da samfur sashen kare amfanin gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko tashar IITA ta Kano. Ka raba kamun gida biyu: kashi ɗaya a sifirit mai ƙarfin 60 zuwa 70 don shimfiɗawa, ɗaya a mai ƙarfin 95 ko da za a bukaci gwajin ƙwayar halitta, wanda da shi ne ake iya gane 'ya'ya da kuma raba masu kama biyu irin schultzei. A cikin kowace kwalba ka jefa 'yar takarda da ka rubuta da fensir, don tawadar biro narkewa take a sifirit: sunan ƙauye, ranar kamu, irin shukar, da ko daga fure ne ko ganye ko wuya. Kuma kada ka haɗa na wake da na albasa da na tumatur a kwalba ɗaya, ko da gonakin suna maƙwabtaka.